Hunhuna ma ta san dare da rana

A wannan fili na lafiya da noma mun saba yin magana a kan abubuwan da ido ke gani sarai, kamar fara, da tsutsar hatsi, da ruwan sha. Yau za mu yi bayani a kan wata halitta da kowa ya sani, amma kowa ya raina. Ita ce hunhuna, wadda wasu ke kira funfuna. Muna ganin ta a kan tuwon da ya kwana biyu, da goron da ya jiƙe, da gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba.

Mutane da yawa suna ɗaukar hunhuna tamkar datti ce kawai. Ba haka ba ne. Hunhuna abu ce mai rai. Tana ci, tana girma, tana yin iri. Jikinta zare-zare ne sirara ƙwarai, masu kutsawa cikin abinci. Ƙurar nan da ke tashi idan an taɓa ta, ita ce irinta, iska kuma ke kai shi wani wuri. Laimar kwaɗi da ke fitowa da damina ƴar'uwarta ce. Haka ma yisti da masu burodi ke sa wa ƙulli don ya tashi.

Hunhuna ba ta da koren ganye, ba ta yin abinci da hasken rana kamar yadda hatsi ke yi. Duk da haka masana sun gano cewa tana ganin haske, kuma tana da agogo a cikin jikinta. Har sun samu dabarar da suke kallon agogon nan yana aiki, sa'a bayan sa'a.

Agogon da ba a saye a kasuwa

Kowane manomi ya lura da ganyen gyaɗa, wato gujiya. Da magariba sai ya naɗe, da safe ya buɗe. Ganyen tsamiya ma haka yake yi. Zakara kuwa yana cara tun gari bai waye ba. A shekarar 2013 wasu masana a ƙasar Japan suka ajiye zakaru a ɗaki mai hasken da ba ya canzawa dare da rana. Zakarun suka ci gaba da cara kusan a lokacin da suka saba. Ashe ba fitowar alfijir kaɗai ke sa su cara ba. Akwai abin da ke ƙirga lokaci a cikin jikinsu.

Mutum ma yana da irin wannan agogo. Shi ke kawo mana barci da dare, shi ke tashe mu da asuba ko ba a kira mu ba. Amma binciken agogon mutum ko na zakara yana da wuya. Don haka masana suka nemi halitta ƙarama, mai saurin girma, mai sauƙin kiwo. Ɗaya daga cikin waɗanda suka zaɓa wata hunhuna ce mai launin ruwan goro, sunanta Nurosfora.

A daji, Nurosfora tana fitowa ne a kan itace da kara bayan gobara ta wuce, domin zafin wuta ke tayar da irinta. A 1843 masana a Faransa suka rubuta labarinta, bayan ta addabi gidajen burodin sojoji a birnin Paris. Ba ta cutar da mutum. A ƙasar Indunusiya ma har abinci ake yi da wata ƴar'uwarta, ana shuka ta a kan tunkuzar gyaɗa ko dusar waken soya. A 1941 wasu Amurkawa biyu, George Beadle da Edward Tatum, suka yi amfani da ita wajen nazarin gado, aikin da ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 1958. Tun daga nan ta zama ƴar gida a ɗakunan bincike.

Tsere a cikin kwalba

Ga yadda ake ganin agogonta da ido. Ana samun doguwar kwalba siririya, mai tsawon kamar kamu ɗaya, a kwantar da ita, a zuba abincin hunhuna a cikinta daga wannan baki zuwa wancan. Sai a sa hunhuna a baki ɗaya. A bar ta cikin haske kwana guda, sa'an nan a kai ta ɗaki mai duhu ƙirin.

Hunhuna za ta riƙa tafiya a kan abincin, santimita 3 zuwa 4 a kowace rana. Amma tafiyar ba iri ɗaya ba ce. Wani lokaci zare kawai take shimfiɗawa. Wani lokaci kuma sai ta yi tarin iri mai ruwan goro, ta wuce, ta bar shi a baya kamar kunya a gona. Bayan mako guda, idan an ɗauko kwalbar, za a ga kunyoyin nan a jere. Daga kunya zuwa kunya, awa 22 ne ko kusa da haka.

A lura da wannan adadi. Awa 22 ne, ba 24 ba. Da a ce wani abu daga waje ne ke gaya mata lokaci, da ta bi awa 24 daidai, kamar rana. Tun da ta bi nata lissafi, agogon nata ne. Wani masani mai suna Colin Pittendrigh da abokan aikinsa suka bayyana wannan hali nata a 1959. Duk da haka masu shakka ba su ƙare ba. A 1983 aka ɗauki irin waɗannan kwalabe aka sa a kumbon Amurka mai suna Columbia, wanda ke zagaya duniya sau ɗaya a kowane minti 90 ko kusa da haka. Can sama ma hunhuna ta ci gaba da yin kunyoyinta, ko da yake ba su fito sarai kamar na ƙasa ba.

Wani abin mamaki shi ne zafi. Idan ɗaki ya ƙara ɗumi, hunhuna tana ƙara saurin girma, amma agogonta ba ya ƙara sauri sai ɗan kaɗan. Wannan ya dace. Agogon da ke gudu da bazara, ya yi nawa da hunturu, ba shi da amfani ga kowa.

Littafin gado

Don mu gane inda agogon yake, sai mun yi maganar gado. Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. A cikin ƙwayoyin nan akwai wani dogon zare mai ɗauke da umarnin da aka gada daga iyaye. Da Faransanci ana kiran sa ADN. Mu bari mu kira shi littafin gado.

Mu da muka sha wahalar koyon baƙaƙe za mu ji daɗin wannan: littafin gado da baƙi 4 kawai aka rubuta shi. Sai dai yana da tsawo. A 2003 aka gama karanta na Nurosfora, aka samu baƙaƙe wajen miliyan 40, da layuka wajen 10,000. Kowane layi umarni ne na ƙera wani ma'aikaci a cikin ƙwaya. Masana na kiran waɗannan ma'aikata furotin. Wani narka abinci ne aikinsa, wani gini, wani yin launi.

Ba a karanta layukan duka a lokaci guda. Wani ana karanta shi da safe, wani da yamma, wani sai an shiga wahala. Idan ana karanta layi, sai a ce yana aiki. Idan an bar karanta shi, ya yi shiru. Abin da masu bincike ke bin sawu ke nan: wane layi ke aiki, a wane lokaci, kuma me ya tashe shi.

A 1973 Jerry Feldman da Marian Hoyle, a Amurka, suka samu wasu hunhunan da agogonsu ya karkace. Wata tana yin kunya kowace awa 16 da rabi, wata awa 19, wata awa 24. Daga baya aka samu mai awa 29. Da aka bincika, sai aka tarar duk a layi ɗaya ne canjin ya faru. Aka sa wa layin suna frq. A 1989, a jami'ar Dartmouth, ƙungiyar Jay Dunlap ta ware layin nan daga cikin littafin. Shi da Jennifer Loros sun shafe shekaru da yawa suna wannan aiki.

Tagwaye da Dogari

Yanzu ga yadda agogon ke juyawa. A karanta wannan sashe a hankali, ko sau biyu ne.

A cikin ƙwayar hunhuna akwai ma'aikata biyu da ba su rabuwa. Masana na kiran su WC-1 da WC-2. Don sauƙi, mu kira su Tagwaye. Aikinsu shi ne su sa a karanta wasu layuka na littafin gado. Can cikin dare, wajen asuba, sai su sa a fara karanta layin frq. Da hantsi karatun ya yi ƙarfi. Daga wannan layi ake ƙera wani ma'aikaci, wanda za mu kira Dogari.

Dogari yana taruwa a hankali, har ya yi yawa da rana. To, aikin Dogari shi ne ya hana Tagwaye aiki. Wato waɗanda suka sa aka yi shi, su yake zuwa ya ɗaure. Da ya ɗaure su, sai karatun layin frq ya tsaya, a daina ƙera sabon Dogari.

Da a ce nan abin ya ƙare, da agogo ya mutu. Amma tun daga lokacin da aka ƙera Dogari, wasu ma'aikata na liƙa masa ƙananan alamu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙulla igiya don ƙirga kwanaki. Alamun nan suna da yawa, suna ɗaukar awoyi kafin su cika. Da sun yi yawa, sai ƙarfin Dogari ya ƙare, daga baya a rushe shi. Tagwaye su samu kansu, su koma su sa a karanta layin frq. Zagaye ɗaya ya cika, awa 22 sun wuce. A 1994 aka tabbatar cewa Dogari ne da kansa ke tsayar da karatun layin da ya haife shi.

Tagwaye ba layin frq kaɗai suke tayarwa ba. Suna tayar da wasu, waɗannan kuma su tayar da wasu. Wani bincike na 2014 ya nuna cewa layuka har 40 cikin 100 na iya tashi da kwanciya bisa ga agogon nan. Da safe hunhuna ta fi karkata ga narka abinci don samun ƙarfi, da dare kuma ga gini da girma.

Irin wannan zagaye, na ma'aikacin da ke tsayar da kansa, shi aka samu a jikin ƙuda, da ɓera, da mutum, ko da yake ma'aikatan sun bambanta. Masana uku da suka gano na ƙuda sun samu lambar Nobel a 2017.

Fitilar maƙesu

Ta yaya mutum zai san ana karanta wani layi a cikin ƙwayar da ido ba ya gani? A da, aikin wahala ne. Sai a shuka hunhuna a kwanoni da yawa. Kowace awa 4 a ɗauki ɗaya, a daskarar da ita, a niƙe, a auna yawan saƙon da ya fito daga layin. Haka za a yi dare da rana har kwana biyu. Kowane awo kuma sai an kashe hunhunar da aka auna. Mai bincike ba ya samun barcin kirki, kuma bai taɓa bin hunhuna ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba.

Sai aka samu dabara daga maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare lokacin damina. Hasken maƙesu wani ma'aikaci ne ke yin sa, kuma umarnin ƙera shi layi ne a littafin gadon ƙwaron. Masana suka kwafo layin nan, suka liƙa shi a bayan mabuɗin layin frq a cikin hunhuna. Suka kuma zuba a abincinta wani sinadari da ma'aikacin ke bukata, kamar yadda fitila ke bukatar kananzir. Daga nan, duk lokacin da Tagwaye suka buɗe layin frq, sai a karanta na maƙesu tare da shi, hunhuna ta yi haske. Idan Dogari ya ɗaure su, hasken ya dushe.

Abin bai yi kyau nan da nan ba. An fara gwadawa a 2003, amma hasken ya yi rauni, domin hunhuna ba ta karanta rubutun ƙwaro da sauƙi. Ma'ana ɗaya ce, amma yadda kowa ya saba jera baƙaƙensa daban ne, kamar Hausar Tawa da ta Damagaram. Sai aka sake rubuta layin maƙesu bisa ga yadda hunhuna ta saba, ba tare da an canza ma'anarsa ba. A 2008 aka bayyana wannan sabon rubutu, haske kuma ya ƙaru ƙwarai.

Ko da hakan, hasken ba mai yawa ba ne. Ana sa hunhuna a akwati mai duhu, tare da na'urar ɗaukar hoto mai tsananin gani. Na'urar na ɗaukar hoto lokaci-lokaci, kwana da kwanaki, kwamfuta kuma na auna ƙarfin hasken. A kan takarda sai a ga zane yana hawa yana sauka kamar tuddan rairayi, tudu ɗaya a kowace awa 22. A faranti guda mai ramuka 96 ana iya bin hunhuna iri-iri a lokaci ɗaya. Kuma ana iya liƙa fitilar nan a kan kowane layi da ake son a san lokacin aikinsa. A ganinmu, wannan ita ce dabara mafi kyau a cikin labarin duka, domin ta bar hunhuna da ranta, tana ba da labari da kanta.

Ido ba tare da ido ba

Saura tambaya ɗaya. Agogon awa 22 a duniyar awa 24, ai kullum zai riƙa wuce lokaci. Wa ke gyara shi? Haske ne.

Ɗaya daga cikin Tagwaye, wato WC-1, yana ɗauke da wani ɗan sinadari mai kama haske. A 2002 aka tabbatar cewa shi ne idon hunhuna. Hasken rana gauraye ne na launuka, kamar yadda bakan gizo ke nunawa, shi kuwa shuɗi kawai yake gani. Jan haske ba ya motsa agogon. Shi ya sa masu bincike ke shiga ɗakin duhu da jar fitila idan za su duba kwalabensu.

Da shuɗin haske ya taɓa shi, cikin ƴan mintoci karatun layin frq ke tashi sama. An nuna haka a 1995. Idan hasken ya zo da farkon dare, sai agogo ya ja baya, kamar an ce masa rana ba ta faɗi ba tukuna. Idan ya zo wajen asuba, sai ya matsa gaba. Da haka ake daidaita shi kowace rana. Haske yana kuma tayar da ɗaruruwan wasu layuka, har da masu yin launin ruwan goro da ke kare ta daga ƙunar rana.

To, farin wata fa? Akwai wani ma'aikaci mai suna VIVID, wanda hasken rana ke sa a ƙera shi da yawa. Aikinsa rage wa Tagwaye jin haske. Bayan faɗuwar rana yana nan da saura, don haka hasken wata ba ya ruɗin hunhuna ta ɗauka gari ya waye.

Abin da ya shafi gona da rumbu

Nurosfora ba ta cin amfanin gona, amma danginta da yawa suna ci. Akwai wata hunhuna mai ruwan toka, sunanta Botiritis, mai ruɓar da inabi da tumatir. A 2015 ƙungiyar Luis Larrondo, a ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu, ta nuna cewa ita ma tana da layin frq. Suka sa ta a kan ganyen wani ɗan tsiro na gwaji, wani da asuba, wani da magariba. Wanda aka sa wa da magariba ya fi ruɓewa. Da suka cire layin frq, bambancin ya ɓace. Ke nan cutar tana da lokacin da ta fi ƙarfi. Shuka ma tana da nata agogo, da lokacin da ta fi iya kare kanta.

Kada wani ya karanta wannan ya canza lokacin feshin magani da kansa. Gwajin nan a ɗakin bincike aka yi shi, a kan cuta ɗaya. Maganar feshi, a tuntuɓi malamin gona.

A gonakinmu akwai cutar nan da ke sa zangarniyar hatsi ta koma ganye-ganye maimakon tsaba. Abin da ke kawo ta ya yi kama da hunhuna, ko da yake danginsu daban ne. Da dare yake yin irinsa, idan akwai raɓa da laima. Wanda ya yi sammako zai ga farin gari-gari a bayan ganye. A tuge irin wannan shuka tun tana ƙarama, a fitar da ita daga gona, a binne ko a ƙone.

Wadda ta fi damunmu ita ce Asfajilus, hunhuna mai launin kore da rawaya, mai kama gyaɗa da masara. Tana yin wata guba mai suna afalatoksin. An gano gubar bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004, a Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masarar da ta kamu. Cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru yana kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

A 2003 aka nuna cewa Asfajilus ma tana da agogo, ko da yake ba ta da layin frq irin na Nurosfora. Tana kuma da wani layi mai suna veA, wanda a cikin danginta aikinsa ke da alaƙa da haske da duhu. Da masana suka cire shi, sai ta daina yin gubar.

Amma a nan sai mu yi hattara. Jin cewa hunhuna tana ganin haske ba ya nufin rana za ta wanke gyaɗar da ta riga ta kamu. Gubar tana jure zafi. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Amfanin shanya shi ne ta fitar da laima kafin hunhuna ta samu wurin zama. Gyaɗar da fari ya kama a ƙarshen damina, da wadda gara ta huda, da wadda fartanya ta fasa, su suka fi kamuwa. A cire gyaɗa da zarar ta nuna. A shanya ta har ƙwaya ta riƙa kaɗawa a cikin ɓawo idan an girgiza. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a bar iska na ratsawa.

Kafin a kai gyaɗa wurin niƙa don mai ko ƙuli-ƙuli, a zauna a tsince ta. Ƙwayar da ta motse, ko ta canza launi, ko ta yi ɗaci, a fitar da ita. Wadda aka fitar kuma kada a ba kaji, kada a zuba wa saniya ko akuya mai shayarwa, domin gubar tana bi ta cikin nono ta kai ga yara. A haƙa rami a binne ta.